Ƙirjin Ɗan Ladan

Gidan da aka kai ni aure gidan ladanai ne. Ni 'yar Zakka ce ta ƙasar Safana, aka kawo ni wani ƙauye tsakanin Karare da Batsari, kuma tun ban sauke lulluɓi ba matan gari suka fara gaya mini irin gidan da na shigo. Kakan maigidana ladan ne, ubansa ladan ne, shi ma ana jiran ranar da zai hau. A lokacin babu injin ɗaga murya. Matakala ce ta ƙasa a jikin bangon masallaci, mutum ya hau, ya toshe kunnuwa, ya ɗaga murya da abin da Allah ya ba shi a ƙirji. Surukina, wanda muke kira Baba, in ya yi kiran la'asar har Fulanin da ke kiwo a bayan dutse sukan jingine sanda su nemi ruwan alwala. Wannan da kunnena na ji, ba labari aka ba ni ba.

Ɗan ya gaji muryar uban, sai dai ya haɗa ta da taba. A birni ya koyo ta, shekarar da aka ba da mulkin kai, da ya je cin rani yana dakon buhunan gyaɗa. Samarin wannan zamani duk wanda ya je birni da ɗayan biyu yake dawowa, tabarau ko sigari, shi kuwa bai samu tabarau ba. Shekaru na yi ina zaune da warin nan. Yana cikin rigunansa, yana cikin tabarma, yana cikin gemunsa. Bai taɓa sha a gaban ubansa ba, bayan rumbu yake laɓewa kamar ɓarawon kaza, ga shi magidanci da 'ya'ya. Baba ya sani sarai. Bai taɓa cewa uffan ba, sai dai in ɗan ya durƙusa gaisuwa ya ɗan kau da fuska gefe.

Wanda ke sayar masa da ita wani mai tebur ne a gindin ceɗiyar ƙofar masallaci. Ashana, alewa, sabulu, da sigari kara-kara. Siririn mutum ne, haƙora jawur da goro, shi ma yana zuƙa a bayan bango, yana tauna goron don ya ɓoye wari. Nan gindin teburinsa mazan gari ke shimfiɗa buzu su wuni suna gyara duniya da baki. Ba ni da abin kirki da zan faɗa a kan mutumin nan, na kuwa yi shekaru ina nema.

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa ƙasa, gwiwar Baba ta fara ƙin matakala. Wata la'asar ya ce wa ɗansa ya je ya hau. Ina tsakar gida ina surfe na ji murya ta tashi, na ajiye taɓarya. Wallahi kabbarorin farko sun fita tas, har tsikar jikina ta tashi. Yana shiga shahada sai muryar ta tsinke. Tari ya sarƙe shi, irin tarin nan mai tasowa daga can ƙasa, ya yi ya yi ya tsayar da shi ya kasa. Gari ya yi tsit ana sauraren ɗan ladan yana kaki a kan matakala. Can sai wata 'yar siririyar murya ta ɗauko kiran daga farko, kamar ɗan akuyar da aka ɗaure aka manta da shi. Mai tebur ne ya hau ya ƙarasa.

Da maigida ya dawo, ya durƙusa a ƙofar ɗakin ubansa ya kasa ɗaga kai. Baba bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ubana ya ji na hau kahin shi rasu. Ni kau ban sani ba ko zan ji."

Daga nan maigida ya miƙe ya zo inda nake girki, ya zaro kwalin sigari daga aljihu ya jefa cikin murhu. Na so in rangaɗa guɗa, na danne saboda suruki na kusa. Washegari liman ya ce mai tebur ya riƙe kiran kafin ƙirjin ɗan ladan ya warware, in ya warware wurinsa na nan. Abin da muka sa a gaba ke nan, ni da shi: ya hau matakalar nan ya yi kira daga farko har ƙarshe, Baba yana da rai yana ji.

Makonnin farko ban ji daɗin zama da shi ba. Ya zama masifaffe. Kaza in ta gitta gabansa sai ya kai mata shuri, kunu in da zafi laifi, in ya huce laifi. Hannunsa kullum yana lalube a aljihun da babu komai. Na cika masa shi da asawaki da citta, ya wuni yana tauna yana harara ta kamar ni na koya masa taba. Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne tarin, don maimakon ya ragu sai ya ƙaru. Da safe zai tsuguna a bakin kaskon toka ya yi ta kaki, abin da ke fitowa baƙi-baƙi ne mai kauri. Na ji tsoro ƙwarai, har na fara tunanin ko tarin fuka ne.

Sai 'yan dubiya suka fara zuwa. A garinmu ba a zuwa duba mara lafiya hannu rabbana, kowa da ɗan abin da zai ajiye, goro ko dabino ko ƙwan zabi. Kuma abin da aka ajiye a dubiya ba a mayar wa mai shi, cin fuska ne. To mutanen nan, mazan gindin tebur, sigari suka riƙa kawowa. Mutum zai yi doguwar gaisuwa, ya jiki, ya iyali, ya ƙarfin jiki, Allah shi ƙara sauƙi, sannan ya ɗaga gefen tabarma ya tura kara biyu, ya shafa addu'a. Ɗakina bango ɗaya ne da zaure, duk abin da suke faɗa a kunnena yake sauka.

"Ni dai na hwaɗa maku," in ji mai tebur, "taba ba a yi mata saki ukku. Mutum shina sha shekara da shekaru, rana guda shi ce ya bari? Ai ita ka riƙe da ƙirjin. Ku dubi yadda ya koma."

Wani ya ce, "Tsutsa ce cikin ƙirji. Hayaƙin ka kwantar da ita. Yanzu da ba ta jin hayaƙi ta tashi tana yawo, shi ya sa tarin."

"Gaskiya ne," suka amsa gaba ɗaya.

Mai tebur ya ce, "Malam, ko kara guda da sahe, don magani. Ba don sha'awa ba."

Mutanen da ko ciwon kan jaki ba su taɓa warkarwa ba, ga su sun zauna sun buɗe asibiti a zaurenmu. Ni abin da ya fi ƙona mini rai, har cikin zuciyarsu sun yarda taimako suke yi. Ban da mai tebur. Shi ya san abin da yake yi, don tun da ya ɗanɗana hawa matakala aka fara ce masa Malam, ya sayi farin rawani, tafiyarsa ma ta canja.

Suna fita nake shiga zaure in ɗaga tabarma in kwashe. Wata rana na tarar da maigida ya riga ni, yana riƙe da kara ɗaya yana shinshinawa, idonsa a rufe. Na miƙa masa hannu. Ya daɗe kafin ya ba ni. Ya ce, "Ke ba ki san yadda abin nan ke kira ba." Na ce na san dai yadda ya hana kira. Bai yi mini magana ba sai washegari.

Sigari ta taru mini a gwangwani, zubarwa kuma na ga asara ce. A gidanmu na Zakka na ga ana jiƙa ganyen taba a wanke dabbobi in kaska ta kama su. Sai na ɓare karan nan duka na jiƙa, ruwan ya yi ja kamar jiƙon kanwa, na wanke awakina da shi a tsakar gida. Kafin rana ta yi tsaka kaska ta zube a ƙasa. Da gangan na kira maƙwabciyata ta gani, don na san bakinta ba ya riƙe magana, mijinta kuma ɗan gindin tebur ne. Na ce a raina yau za su ji kunya, su ga irin gubar da suke kawo wa mutum a matsayin dubiya.

Da yamma sai ga su a zaure, murna fal fuskokinsu. "Kun gani ko?" in ji mai maganar tsutsa. "Uwargida da kanta ta gwada. Abin da ya kashe kaska, tsutsar ƙirji ta isa ta tsira?" A ranar nan, sigarin da aka tura ƙarƙashin tabarma ta fi ta kullum yawa. Na zauna a ɗaki na rasa dariya zan yi ko kuka. Tun daga ranar na daina sa ran hankali zai ɓullo daga gindin ceɗiyar nan.

Ranar kasuwar Batsari na matsa masa ya je asibiti. Malamin asibitin ya saurari ƙirjinsa gaba da baya, ya sa aka duba kakin, daga baya ya ce ba tarin fuka ba ne. Ya ce ƙirjin ne ke share kansa, kamar ɗakin girkin da aka daɗe ba a kankare kunkunniya ba, in an fara kankara dole baƙi ya zubo. Ya ce zai ragu da kansa in bai koma ba. Magani ɗaya ya ba shi: tafiya a ƙasa kullum, da sauri, har sai ya yi gumi, ya kuma guji hayaƙi kowane iri. A ranar na ɗauke murhuna na mayar can ƙarshen gida, kusa da turken awaki.

Tafiyar nan ita ta jawo mana wani sabon surutu. Lokacin kowa babur yake mafarki. Wanda ya sayar da gyaɗa ya sayi keke, wanda ɗansa ya samu aikin hanya ya sayi babur, tafiya a ƙasa ta zama alamar wanda arzikin zamani ya tsallake. Kuma a wurinmu magidanci ba ya tafiya haka kawai. Ko gona za shi da fartanya, ko kasuwa da kaya, ko ta'aziyya da babbar riga. Mutum ya fita bayan gari hannu sake, yana sauri yana haki, ya kai wani wuri ya juyo ba tare da ya yi magana da kowa ba, wannan a wurinsu iska ce. Duk mai babur da ya tarar da shi sai ya tsaya.

"Malam, lahiya? Hau mu tahi."

"A'a, na gode, tahiya nikai."

"To ina za ka?"

"Ba ko'ina."

Wannan "ba ko'ina" ta zaga gari kafin mako ya fita. Aka ce rashin taba ya hau masa kai. Har wasu suka yi ayari suka je wurin Baba suna ba shi shawara a nemi mai ruƙiyya tun abin bai yi nisa ba. Baba ya saurare su, ya yi musu godiya, da suka fita ya yi tsaki.

Ni na samo dabara. Ina da gwaggo a Karare, sai na riƙa ƙulla ƙuli-ƙuli a tsumma ina ba shi ya kai mata. Yau ƙuli, gobe daddawa, jibi kuka. Gwaggo ta sha ƙuli har ta aiko tana tambaya ko lafiyata ƙalau. Masu babur kuwa da suka ga ƙunshi a hannunsa sai hankalinsu ya kwanta, suka sauke maganar iska suka ɗauki ta mijin-ta-ce, wai mata ta mayar da ɗan ladan ɗan aike. Na gaya masa abin da ake faɗa. Ya ce ya fi masa sauƙi a kan a ɗaure shi a turu.

Da farko ko tsamiyar bakin gari ba ya kaiwa sai ya tsaya ya dafa gwiwa. Yakan dawo leɓɓansa sun bushe, ƙirjinsa na kuka kamar tsohon zugazugi, ya zube a inuwa ya ce gobe ba za shi ba. Gobe in ajiye masa takalmi a ƙofa in tsaya a kansa. Sannu a hankali tsamiya ta zama kusa. Kakin ya koma fari, ya ragu, wata safiya na ɗauki kaskon toka na ga babu abin zubarwa. Wata rana ya ɗanɗana miya ya ce gishiri ya yi yawa, ni kuwa haka nake zubawa tun ina amarya, harshensa ne ya farka. Ya ɗauko tsohuwar rigarsa ya shinshina, ya tambaye ni ko haka na zauna da shi duk shekarun nan. Na ce haka, kuma har yau bai ba ni tukuici ba. Da damina ta faɗi na kai masa abinci gona, na tsaya daga nesa ina kallo ya ɗauki kunya tun daga wannan kai har wancan bai miƙe ba. Na ji daɗi har hawaye ya zo mini, na goge kafin ya waiwayo.

Daga nan ya fara hawa dutsen da ke bayan gari. In azahar ta same shi a can sai ya tsaya a kai ya yi kiran salla, shi kaɗai, inda babu ɗan gindin tebur da zai ji ya yi sharhi. Ban san yana yi ba sai da wata Bafulatana mai kawo mini nono ta sauke ƙwarya ta ce, "Tsohon gidanku ya warke ne? Muna jin shi daga ruga." Na ce ba tsohon ba ne, ɗansa ne. Ta riƙe baki ta ce mazansu har gardama suka yi a kai.

Baba kuwa yana ta yin ƙasa. Ƙafafu suka ƙi gaba ɗaya, ya koma kan gado. Bayan ƙafa sai kunne ya bi, sai an sa baki dab da kunnensa an ɗaga murya yake tsintar magana. Kiran mai tebur dama ko mu masu kunne in iska ta juya ba ma ji, balle shi. Da inuwar ƙofa yake gane lokacin salla. Kullum in ɗan ya shigo gaisuwa sai ya ce, "Ya ƙirjin?" Tun da ba zai ji amsa ba, sai ya ɗora tafin hannunsa a ƙirjin ya ce ya ja numfashi, ya yi shiru yana saurare da hannu. Wani lokaci ya gyaɗa kai. Wani lokaci ya ce, "Ka yi sauri dai." Duk mun san abin da yake nufi.

Bayan an yi girbi maigida ya je wurin liman ya ce ya shirya. Limaminmu mutumin kirki ne, amma irin kirkin nan da duk wanda ya yi masa magana a ƙarshe shi ne mai gaskiya. Ya ce madalla, ya sa rana, ya ce da la'asar ta ranar ɗan ladan zai koma matakalar gidansu. Maigida ya durƙusa ya faɗa wa Baba a kunne. Tsohon ya sa aka wanke masa farar riga, ya ce a juyar da gadonsa ya fuskanci ƙofa, ko Allah zai sa ya tsinci wani abu.

Akwai wani ɗan garinmu da ya samu kwangilar kwalbatoci a zamanin. Kwalbatocin ruwan farko ya tafi da su, amma shi ya tsaya da ƙafarsa, ya je Makka ya dawo da haƙorin zinariya, ya zama Alhajin gari. Matarsa yayar mai tebur ce. Da hantsin ranar da aka sa, sai ga motarsa a ƙofar masallaci an sauke wani abu kamar katuwar mazurari, da batirin mota, da igiyoyin waya. Lasifika ce, ta farko a duk yankinmu. Gari ya watse ana kallo. Aka kafa ta a kan dogon gora, a daidai saman matakalar. Alhaji yana tsaye yana nuni da sanda, yana murmushi yadda haƙorin zai fito, yana cewa don Allah ya yi, ba ya so kowa ya sani.

Bayan azahar liman ya ja maigida gefe. Idonsa a ƙasa ya ce Alhaji ya ce injin nan ba kowa ke taɓa shi ba, ƙanin matarsa, mai tebur, shi kaɗai aka koya wa a birni inda ake murɗawa. Ya ce a ɗan dakata tukuna. Maigida ya ce shi ba ya bukatar injin, a bar shi ya hau matakala kawai. Liman ya ce to ai Alhaji zai ga kamar an raina kyautarsa, kuma yanzu da wannan abu ko mai mura ya yi kira har Yasore za a ji, me ya rage na wahalar da ƙirji. Mazan gindin tebur suka ce gaskiya ne. Waɗannan da suka yi wata da watanni suna auna numfashin mijina, a wuni ɗaya suka gano numfashi ba shi da amfani.

Maigida ya dawo gida ya faɗa mini a tsaye, ya wuce bayan rumbu ya zauna. Na bi shi da ido, don na san abin da wurin nan yake a da. Na leƙa na ga asawaki ne a bakinsa. Na ce ya je ya faɗa wa Baba. Ya ce bari a yi salla tukuna, bai san ta inda zai fara ba.

La'asar ta yi ina durƙushe a ƙofar ɗakin Baba, na kawo masa kunu. Yana zaune cikin farar rigarsa, an jingina shi da bango, idonsa a kan inuwa. Sai wani ƙara ya tsage gari, awaki suka zabura. Aka hura abin, fu, fu, aka ƙwanƙwasa shi. Sannan muryar ɗan akuyar nan ta fito, ta kumbura ta zama ta bijimin sa, har kwanon da ke hannuna yana rawa. Na ga Baba ya ɗaga kai. Ya karkata kunne. Bakinsa ya fara motsi yana amsawa. Kunnensa ba ya rarrabe murya, amo kawai yake ji da tsayin kalmomi, amma ya ji, karo na farko tun da kunnen ya toshe. Hawaye ya gangaro cikin gemunsa. A tsakiyar kiran mai tebur ya tsaya ya yi tarinsa na 'yan taba a cikin injin, ƙoho-ƙoho, duk ƙasar Batsari ta shaida, sannan ya ci gaba. Ni kuwa na ajiye masa kunun na ja baya cike da baƙin ciki.

Maigida ya yi alwala ya tafi masallaci kamar kowa, ya yi salla a sahu. Da ya dawo ya shigo ɗakin ya durƙusa, na ga zai fara magana. Baba ya riga shi. Ya kamo hannunsa da hannu biyu yana jijjigawa.

"Na jiya! Wallahi na jiya, har cikin kunnen nan da ya mutu. Ko ni ban taɓa kai haka ba. Allah shi yi maka albarka, ka hid da ni kunya."

Na buɗe baki daga ƙofa. Maigida ya waiwayo ya dube ni, kallo ɗaya, na rufe.

Baba ya ɗora tafin hannunsa a ƙirjin nan da na sha wahalarsa, ƙirjin da babu sauran ko ɗigon kaki a ciki, ya ɗan bubbuga shi.

"Sai dai na ji ka yi tari a tsakiya," ya ce. "Bai ida hita ba. Saura kaɗan. Kak ka bar tahiyar nan."

Maigida ya sunkuya, ya sa bakinsa dab da kunnen ubansa, ya ɗaga murya yadda zai ji.

"To, Baba."